2,147,483,647: Lambar da Ba a Gane Halinta a Fuska

Rubuta wannan lambar a takarda ka dube ta: 2,147,483,647. Biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Kafin ka gama furta ta numfashi ya kusa ɗaukewa. In kana son jin nauyinta, mai da ita daƙiƙoƙi: ka riƙa ƙirga ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ka haura shekara 68 kafin ka kai ƙarshe.

Ban da girman nan, babu abin da ke jan ido a jikinta. Alƙaluma goma ne a jere, huɗu ta fito sau uku, bakwai sau biyu, ba wani tsari. Amma masana lissafi sun shafe sama da shekara ɗari huɗu suna kai da komowa a kanta, kuma kusan duk wanda ya taɓa rubuta manhajar kwamfuta ya haddace ta. Abin da ya sa na zaɓe ta shi ne, a kanta mutum zai ga yadda ake yi wa babbar lamba tambayoyi har a gane ajinta, ya kuma ga cewa alƙaluman da muke rubuta lamba da su riga ce kawai, halin yana ciki.

Tambayoyin farko masu sauƙi ne, fuska na amsa su. Cika ce ko mara? Ta ƙare da bakwai, don haka mara ce, biyu ba ta raba ta. Biyar ma ba ta raba ta, tunda ba ta ƙare da sifiri ko biyar ba. Don gwada uku da tara, sai a tara alƙalumanta: 2+1+4+7+4+8+3+6+4+7 ya ba da 46. Raba 46 da uku, saura ɗaya. Raba ta da tara, saura ɗaya. To haka ita ma uwar lambar za ta yi. In ka daure ka gwada bakwai da dogon rabawa, saura ɗaya. Goma sha ɗaya, saura ɗaya. Talatin da ɗaya, saura ɗaya. Wannan ɗayan da ke ta maimaituwa ba dace ba ne, za mu dawo kansa.

A nan dabarun fuska suke ƙarewa, babbar tambaya ta taso: shin akwai wata lamba da ke raba ta daidai ba saura, ban da ɗaya da ita kanta? Lambar da ba ta da mai raba ta sai ɗaya da kanta, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13, ita ake kira firam a makaranta. Ni na fi son in ce mata gagara-rabo, don sunan ya faɗi halinta. Sauran lambobi duka haɗaɗɗu ne, an gina su ne da ninka gagara-rabo da juna, kuma kowace lamba hanya ɗaya tak take wargajewa: 60 ita ce 2×2×3×5, ba wata hanya. Wannan wargajewar ita ce shaidar asalin lamba. Yawan masu raba ta, jimillarsu, ko murabba'i ce (wato wata lamba sau kanta, kamar 25 da take 5×5) ko a'a, duk daga nan ake karanta su.

Amsar ita ce 2,147,483,647 gagara-rabo ce. Faɗa da baki ba wuya. Tabbatarwa ce aiki.

Wanda zai bi hanyar ƙarfi ba sai ya gwada lambobi biliyan biyu ba. Masu raba lamba tafe suke biyu-biyu, ƙarami da babba, kamar yadda 4 da 25 suke ga 100. Ƙaramin ba ya taɓa wuce tushen murabba'in lambar, wato adadin da in an ninka shi da kansa zai ba da ita, kamar 10 ga 100. A nan 46,340 sau kanta ta ba da 2,147,395,600, ta gaza kaɗan, 46,341 sau kanta kuwa ta zarce. Ke nan in an kai 46,340 ba a sami mai rabawa ba, magana ta ƙare. Kuma gagara-rabo kaɗai za a gwada, su kuwa kusan dubu biyar ne a ƙasa da wannan iyakar. Ga kwamfuta ƙiftawar ido ce. Ga mai alƙalami da tawada, dogon rabawa dubu biyar a kan lamba mai alƙaluma goma, ba tare da kuskure ko ɗaya ba, aiki ne ja.

Abin da ya sauƙaƙa shi ne ainihin ginin lambar. Fara da biyu ka yi ta ninkawa: 2, 4, 8, 16, 32, 64. A mataki na 31 za ka iso 2,147,483,648. Ɗebe ɗaya, ga lambarmu. Wato 2³¹ − 1 ce. In aka rubuta ta a tsarin biyu-biyu da kwamfuta ke aiki da shi, inda sifiri da ɗaya ne kaɗai alƙaluma, duk hargitsin nan na huɗu da bakwai da takwas sai ya ɓace, ta zama ɗaya-ɗaya guda 31 a jere, ba sifiri ko guda. Matsayinta a wancan tsarin shi ne matsayin 999 a namu: ma'auni ya cika maƙil, ƙarin ɗaya zai buɗe sabon gurbi.

Lambobi masu wannan siffa ana kiransu lambobin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya yi rubutu a kansu a 1644. Suna da wata ƙa'ida mai daɗin gani. Ɗauki 111111, ɗaya guda shida. Tunda shida na rabuwa gida biyu-biyu ko uku-uku, kana iya yanka jerin: 11 × 10101, ko 111 × 1001. Wannan yankan yana aiki a tsarin goma, yana aiki a tsarin biyu. Saboda haka in yawan ɗaya-ɗayan haɗaɗɗiyar lamba ce, ita ma lambar Mersenne ɗin dole ta rabu. Shi ya sa 2⁶ − 1, wato 63, take rabuwa da 3 da 7. Sai in yawan nasu gagara-rabo ne za a sa rai. Talatin da ɗaya kuwa gagara-rabo ce, ƙofa a buɗe take.

Sai dai buɗewar ƙofa ba shiga ba ce. Goma sha ɗaya gagara-rabo ce, amma 2¹¹ − 1 ta ba da 2,047, ita kuwa 23 × 89 ce. Wannan ramin ya ci manya. Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar a 1588 cewa 2¹⁷ − 1 da 2¹⁹ − 1 gagara-rabo ne, kuma ya yi daidai, amma sai ya ƙara da cewa haka abin yake ga 23 da 29 da 31 da 37. Cikin huɗun nan 31 kaɗai ta tsira. Ta 23, wato 8,388,607, ta fashe zuwa 47 × 178,481. Shi kansa Mersenne ya jera waɗanda ya ce suna haifar da gagara-rabo: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Ya sa 67 da 257 da ba su cancanta ba, ya tsallake 61 da 89 da 107 da suka cancanta. Duka mutanen biyu sun ambaci 31, amma a matsayin zato. A lissafi kuwa zaton da ya dace da gaskiya bai zama hujja ba tukuna.

Wanda ya kawo hujjar shi ne Leonhard Euler, ɗan Suwizalan da ke zaune a Rasha, cikin wata wasiƙa ta 1772 zuwa ga ɗaya daga cikin masanan gidan Bernoulli. A lokacin idanunsa sun kusa rufewa gaba ɗaya. Yadda ya rage aikin shi ne ya fi burge ni a duk labarin. Tun 1640 Pierre de Fermat ya gano cewa duk gagara-rabon da zai raba 2ᵖ − 1, in p gagara-rabo ce mara, dole ya zama ninkin 2p da ƙarin ɗaya. Gwada da 2,047: ninkin 22 da ɗaya. 23 ita ce 22+1, 89 kuwa 88+1. Ta zauna daram. Ga lambarmu ke nan, mai rabawa dole ya zama ninkin 62 da ƙarin ɗaya. Euler ya ƙara wani sharaɗi: in aka raba mai rabawar da takwas, sauran ya zama ɗaya ko bakwai. Haɗa sharuɗɗan biyu, sai ya zama lambobin da in an raba su da 248 suke barin 1 ko 63 su kaɗai ne abin tuhuma. Daga dubbai aka dawo ƙasa da ɗari huɗu, kuma mafi yawansu ma haɗaɗɗu ne da ba sai an gwada ba.

Gagara-rabo na farko a jerin shi ne 311, wato 248+63. Ninka 311 da 6,905,092, ka sami 2,147,483,612. Saura 35, bai raba ba. Na gaba 1,303. Haka za a bi su ɗaya bayan ɗaya har a wuce 46,340, kuma babu wanda ya shiga. Lambar ta riƙe kambin gagara-rabo mafi girma da aka sani shekaru da dama bayan haka.

Yanzu ba a bin wannan hanyar. Édouard Lucas ya fito da wani gwaji da ya tabbatar da 2¹²⁷ − 1 a 1876, lamba mai alƙaluma 39, daga baya Derrick Lehmer ya gyara shi a 1930. Gwajin bai damu da neman mai rabawa ba sam. Ana farawa da 4, a ninka ta da kanta, a ɗebe biyu, a raba da lambar da ake tuhuma a riƙe saura, a maimaita. Bari mu gani a kan 31, wadda ita ma 2⁵ − 1 ce: daga 4 sai 14. Daga 14 sai 194, wadda sauranta 8 ne in an raba da 31. Daga 8 sai 62, wato 31 biyu, saura sifiri. Taku uku, biyar ban da biyu, aka sauka kan sifiri, to 31 gagara-rabo ce. Ga 2,147,483,647 taku 29 ne kacal. Da wannan gwajin ake farautar manyan gagara-rabo har gobe. A watan Oktoba na 2024 shirin GIMPS, na masu sa kai da ke haɗa ƙarfin kwamfutocinsu ta intanet, ya sanar da 2¹³⁶²⁷⁹⁸⁴¹ − 1, lamba mai alƙaluma 41,024,320, ta 52 da aka sani a wannan dangi. Tamu ita ce ta takwas.

Kun lura cewa 31 ɗin da ke kanta ita ma 'yar gidan ce? Biyar ta haifi 31, 31 ta haifi lambarmu. Irin waɗannan ana ce musu Mersenne mai hawa biyu, kuma huɗu kaɗai aka sani da suke gagara-rabo: 7, da 127, da tamu, da waccan ta Lucas.

Akwai wani tsohon rabe-rabe da ya girmi duk wannan, wanda Nikomakus, wani masanin lissafi Bagirke, ya tsara kusan shekara ta 100 miladiyya, malaman hisabi na Larabawa kuma suka gada da sunayen tamm da za'id da naƙis. Ana tara duk masu raba lamba ban da ita kanta, a auna da ita. In jimillar ta yi daidai, cikakkiya ce: 6 ita ce 1+2+3, 28 ita ce 1+2+4+7+14. In ta zarce, mai rara ce, kamar 12 da masu raba ta suka taru suka ba da 16. In ta gaza, mai giɓi ce.

A nan ne nake son a tsaya a duba lambarmu da maƙwabtanta biyu, na hagu da na dama, don ban san wani wuri da ya fi nuna yadda taku ɗaya ke sauya komai ba. Ita kanta mai giɓi ce iyakar giɓi: mai raba ta ɗaya ne tak, jimilla 1, a gaban biliyan biyu. Maƙwabciyarta ta ƙasa, 2,147,483,646, ta wargaje zuwa 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Masu raba ta 192 ne, kuma in an tara su ban da ita sun kai 3,898,507,266, rara mai yawa. Ga kuma asirin sauran ɗayan nan da muka yi ta cin karo da shi a farko: uku da bakwai da tara da goma sha ɗaya da talatin da ɗaya duk suna raba maƙwabciyar daidai, don haka dole su bar ɗaya a kan tamu. Maƙwabciyar sama kuwa, 2,147,483,648, biyu ce zalla sau 31. Masu raba ta ban da ita su ne 1, 2, 4, 8, har zuwa rabinta. Tara su duka, me za ka samu? 2,147,483,647 cif. Ɗaya tak ya hana ta zama cikakkiya, kuma jimillar da ta samu ita ce lambar da muke magana a kai. Gidaje uku a jere, katanga ɗaya, hali uku.

Duk da giɓinta, ita ce ke haifar da cikakkiyar lamba. Uƙlidis, masanin lissafi Bagirke, ya nuna tun kusan shekara 300 kafin miladiyya cewa in 2ᵖ − 1 gagara-rabo ce, ninka ta da rabin 2ᵖ zai ba da cikakkiya. 3×2 ya ba da 6, 7×4 ya ba da 28, 31×16 ya ba da 496, 127×64 ya ba da 8,128. Waɗannan huɗun Girkawa suka sani. Isma'il ibn Fallus, a ƙarni na 13, ya ambaci uku na gaba: 33,550,336 da 8,589,869,056 da 137,438,691,328. Tamu, in aka ninka ta da 1,073,741,824, ta ba da ta takwas: 2,305,843,008,139,952,128. Euler ya kuma tabbatar cewa duk cikakkiyar lamba da take cika, wato biyu na raba ta, daga wannan hanyar take fitowa. Ko akwai cikakkiya mara, wannan tambaya har yau a buɗe take. Peter Barlow na Ingila ya rubuta a 1811 cewa da wuya wani ya nemi wadda ta wuce ta takwas ɗin nan, tunda irin waɗannan lambobi sha'awa ce kawai ba su da amfani. A 1883 Ivan Pervushin na Rasha ya tabbatar da 2⁶¹ − 1, ta tara ta fito.

Wasu azuzuwan da sauri ake wuce su. Ba murabba'i ba ce, gagara-rabo ba ya zama murabba'i. Ba ta da tagwai, wato gagara-rabon da ke tazarar biyu da ita: 2,147,483,645 na rabuwa da biyar, 2,147,483,649 na rabuwa da uku. Amma batun haɗin murabba'ai ya cancanci tsayawa. Masanin lissafi Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'ai huɗu ko ƙasa da haka. Da yawa biyu ko uku sun ishe su, kamar 13 da take 9+4. Lambar da ke barin uku in an raba ta da huɗu ba ta yiwuwa da biyu. Wadda ke barin bakwai in an raba ta da takwas ba ta yiwuwa ko da uku. Tamu ta faɗa duka biyun, sai da huɗu cur. Ga hanya ɗaya, kowa na iya gwadawa: 46,339 sau kanta ta ba da 2,147,302,921. Ƙara 180,625, wato 425 sau kanta. Ƙara 100, ƙara 1. Jimilla 2,147,483,647.

Da Barlow zai dawo, abin da zai fi ba shi mamaki shi ne inda lambar ta ƙare. Kwamfuta na ajiye lamba a cikin gurabe ƙididdigaggu da ake kira bit, kowane gurbi sifiri ko ɗaya. Wani ma'auni da ya yaɗu ƙwarai shi ne gurabe 32, ɗaya na nuna ko lambar ta sama da sifiri ce ko ta ƙasa, saura 31 na ɗaukar adadi. Cika su duka da ɗaya, ka sami lambarmu. Ita ce rufin ɗakin. In manhaja ta ƙara ɗaya a kai ba tare da kariya ba, ƙididdigar na iya juyewa ta faɗo −2,147,483,648. Tsarin Unix, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta, yana ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma shekara 68 ɗin nan da muka ambata za su cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14:07 na dare agogon GMT. Na'urar da har lokacin take kan gurabe 32 za ta ga kamar an koma Disamba 1901. Shi ya sa ake ta ƙaura zuwa gurabe 64. A Disamba 2014 YouTube ya sanar da cewa ya yi irin wannan ƙaurar ga ma'aunin masu kallo, saboda wani bidiyon waƙa daga Koriya ta Kudu da masu kallonsa suka kai wannan adadi.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne a ɗauka an zaɓi wannan rufin ne don lambar gagara-rabo ce. Babu ruwan kwamfuta da wannan. Rufin gurabe 16 shi ne 32,767, kuma 7 × 31 × 151 ne. Rufin gurabe 64 shi ne 9,223,372,036,854,775,807, ɗaya-ɗaya guda 63, kuma tunda 63 na rabuwa, ƙa'idar yankan nan ta kama shi: bakwai na raba shi, 127 ma haka. Siffa ɗaya ce ta ba lambarmu suna a wurare biyu, amma kowane da dalilinsa.

Akwai dai wuri guda da halayen biyu suka haɗu suka yi aiki tare. Kwamfuta kan buƙaci lambobi masu kama da na ƙuri'a, don gwaje-gwajen kimiyya da wasanni. Wata hanya da Lehmer ɗin nan ya kawo ita ce a ɗauki lamba, a ninka ta da wani adadi tsayayye, a raba da wata babbar lamba, sauran ya zama lamba ta gaba. A 1988 Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a riƙa ninkawa da 16,807, wato bakwai sau kanta har biyar, a raba da 2,147,483,647. Ta dace da gurabe 32 kamar an auna. Fitar da sauranta yana da sauƙi, don dabarar tara alƙaluma da muka yi wa tara a farko tana aiki a nan ma: a yanka lambar gida-gida na gurabe 31 a tara su. Kuma saboda gagara-rabo ce, sauran ba zai taɓa faɗawa sifiri ya kashe jerin ba, kuma da wannan maninkin jerin zai ziyarci kowace lamba daga 1 zuwa 2,147,483,646 sau ɗaya kafin ya dawo inda ya faro. Fara da 1: sai 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073. Wanda ya rubuta manhajar yana son ya san ko ya yi daidai, sai ya bar ta ta yi taku dubu goma ya duba, ya ga ko ta tsaya a kan 1,043,618,065.